Fiyanon da Ke Kwance Cikin Kwali

Karatu: 1 Sama'ila 16:14-23, 1 Tarihi 25:1-8, Zabura 33:1-3

Gaisuwa ta musamman ga masu bi da ke warwatse a ƙasar Haɗejiya, tun daga Malam Madori da Kaugama har zuwa Auyo, Kafin Hausa, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri. Allah ya sa albarka cikin aikin hannuwanmu, ya kuma tsare mu daga ɓarnar ruwa. Amin.

Maganarmu ta yau a kan kiɗa ne cikin sujada, musamman domin wanda zuciyarsa ke marmarin koyon fiyano amma ba shi da malami. Bari in fara da abin da ya faru a gidana.

A wata ƙaramar ikilisiya da na yi hidima shekarun baya, mun yi shekara biyu muna tara kuɗin fiyano. Manoma suka kawo shinkafa da riɗi ranar godiyar kaka, Zumuntar Mata suka yi adashi, ma'aikata suka cire daga albashinsu. Ranar da aka kawo shi daga Kano har guɗa aka yi. A lokacin akwai wani saurayi ɗan bautar ƙasa a cikinmu wanda ya iya kiɗa ƙwarai, sujada kuwa ta yi armashi. Amma baƙo raɓa ne. Shekararsa ta cika, muka yi masa addu'a, muka raka shi tasha. Aka mayar da fiyanon cikin kwalinsa, aka tura shi ƙarƙashin gado a gidan Fasto, wato gidana. Ya fi shekara guda a can. Duk wanda na ce wa ya gwada, amsa ɗaya ce: "Baba Fasto, ai ni ba ni da baiwar."

Wata ranar Asabar ina shirya wa'azi a kan misalin talanti cikin Matiyu 25, ina neman kalmomin da zan tsauta wa bawan nan da ya haƙa rami ya binne kuɗin maigidansa. Sai matata ta ce mini, "Maigida, kafin ka hau bagadi da wannan magana, ka leƙa ƙarƙashin gadonka." Ban sami abin faɗi ba.

Na tabbata ba mu kaɗai ba ne. A wannan ƙasa tamu yawancin masu iya kiɗa ma'aikata ne da ɗalibai da 'yan bautar ƙasa, yau suna nan, gobe an yi musu canjin wurin aiki. Makarantar kiɗa kuwa tana nesa. In ba 'ya'yan wurin ne suka koya ba, gumin gwauraye da manoma zai ƙare cikin kwali, ɓera da ƙura su gaje shi.

BAIWA CE KO KOYO?

Sa'ad da mugun ruhu ya dami Sarki Saul, ɗaya daga cikin barorinsa ya ce ya san wani ɗan Yesse mutumin Baitalami wanda ya gwanance da kiɗan garaya. Da aka aika a kirawo Dawuda, a ina yake? Yana wurin tumaki. Yaron da ke wuni a jeji da dabbobi, can ne ya sami lokacin maimaita kiɗansa, ba mai tafa masa sai Allah. Abin da aka ji a fāda, an daɗe ana gina shi a makiyaya.

Cikin 1 Tarihi 25 kuma mun ga Dawuda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun domin waƙa a Haikalin Ubangiji. Aya ta 7 ta ba da jimillarsu, mutum 288, ta kuma nuna horar da su aka yi. Aya ta 8 ta ambaci malami da almajiri suna karɓar rabon aikinsu tare. Ashe har a cikin Lawiyawa akwai 'yan koyo, ba a kuwa kore su daga hidima domin ba su gwanance ba tukuna. Zabura 33:3 ma ba ta tsaya ga a yi kiɗa kawai ba, ta bukaci a iya shi sosai. Iyawa kuwa daga koyo take fitowa.

Lalle akwai baiwa, wani ya fi wani saurin kamawa. Amma in kana iya rera waƙa tare da jama'a ba ka kauce ba, in kuma kana iya tafi daidai da ganga, to, kana da jarin da ake bukata. Sauran aiki ne.

KA SAN ABIN DA KE GABANKA

Wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙera fiyano na farko a birnin Florence wajen shekara ta 1700. Cikakken fiyano yana da madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Irin wanda muke da shi a majami'unmu, na lantarki, kamar Yamaha ko Casio, yawanci madannai 61 ne. Kada yawansu ya tsorata ka. Muryoyi 12 ne kawai, farare 7 da baƙaƙe 5, suke ta maimaituwa, daga hagu mai kauri zuwa dama mai siriri.

Dubi baƙaƙen madannan. Za ka ga an jera su biyu, sa'an nan uku, biyu, sa'an nan uku, har ƙarshe. Su ne alamun hanya. Farin da ke hagun baƙaƙe biyu, dab da su, sunansa C. Wanda ke tsakanin baƙaƙen biyu shi ne D. Daga nan sai E, F, G, A, B, ka sāke fāɗawa kan wani C. Farin da ke hagun baƙaƙe uku shi ne F. Aikinka na ranar farko ke nan: ka nemo kowane C da ke kan fiyanon, sa'an nan kowane F, sa'an nan kowane G, har ka iya yi ido a rufe, da taɓawa kawai. Kada ka rubuta haruffa a kan madannai da biro. Wanda ya saba da rubutun, ranar da ya zauna gaban fiyanon wata ikilisiya zai zama baƙo.

DO, RE, MI

Waɗanda suka taɓa shiga ƙungiyar mawaƙa sun san d, r, m, f, s, l, t, wato do, re, mi, fa, so, la, ti. Wani fasto ne a Ingila mai suna John Curwen, wanda ya rayu daga 1816 zuwa 1880, ya baza wannan hanya. Shi kansa bai yi makarantar kiɗa ba. A shekara ta 1841 aka ɗora masa nauyin neman hanya mai sauƙi ta koyar da waƙa a makarantun Lahadi, sai ya ɗauki tsarin wata mace mai suna Sarah Glover ta garin Norwich, ya gyara shi, ya yaɗa. Ta hannun 'yan mishan ya iso gare mu. Ka ga dai, hanyar da za ka bi, wani ɗan koyo irinka ne ya share ta domin talakawan ikilisiya.

In ka fara daga C ka bi farare har zuwa C na gaba, ka kaɗa do, re, mi, fa, so, la, ti, do. Ka riƙa rerawa da bakinka kana dannawa, domin kunne da yatsa su san juna. Bayan kwana kaɗan, ka ɗauki waƙa ɗaya da ka sani tun kana yaro, mai sauƙi, daga Littafin Waƙoƙi ko daga waƙoƙin makarantar Lahadi. Rera layin farko a hankali, ka nemi kowace murya a kan fararen madannai da hannun dama. Za ka yi kuskure sau da yawa, kunnenka ne zai gaya maka ko ka yi sama ko ka yi ƙasa. In ka samu, ka rubuta a littafi da haruffan do, re, mi domin kada ka manta.

ZAMA DA YATSU

Zauna a tsakiyar fiyanon, bayanka a miƙe, gwiwar hannunka daidai da tsayin madannai. In benci ya yi ƙasa, ka sa matashi. Lanƙwasa yatsunka kamar kana riƙe da lemo a tafin hannu, ka riƙa dannawa da kan yatsa. Yanke farce. Kafaɗa da wuyan hannu su saki. In ka ji zafi a wuyan hannu, ka tsaya ka huta, gama ciwo alama ce ta cewa kana ƙanƙame jiki.

Makaɗa sun ba yatsu lamba: babban yatsa 1, manuni 2, na tsakiya 3, na zobe 4, ƙarami 5. In za ka hau daga do zuwa do da hannun dama, ga tsarin: 1, 2, 3, sai babban yatsa ya bi ta ƙarƙashi ya kama F, ka ci gaba 1, 2, 3, 4, 5. Da hannun hagu kuwa: 5, 4, 3, 2, 1, sai na tsakiya ya tsallako ta sama, 3, 2, 1. Mafi yawan masu koya wa kansu suna fara wa da manuni kaɗai kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Da farko yana da sauƙi, amma daga baya zai ɗaure ka, kwance shi kuwa ya fi koyonsa wuya. Ka saba da daidai tun ranar farko.

KOD GUDA UKU

Yanzu ga abin da zai faranta maka rai. In ka danna muryoyi uku da suka dace da juna a lokaci ɗaya, makaɗa suna kiran wannan kod. Da kod uku kawai za ka iya raka waƙoƙi masu yawan gaske.

Na ɗaya shi ne do, mi, so, wato C, E, G. Shi ne gida, a nan waƙa take hutawa. Na biyu shi ne fa, la, do, wato F, A, C. Na uku shi ne so, ti, re, wato G, B, D. In ka kaɗa na ukun, za ka ji kamar mutum ne a tsaye a bakin ƙofa yana jira a ce ya shigo, sai ka koma na ɗaya hankali zai kwanta. Amin ɗin da muke rerawa a ƙarshen tsofaffin waƙoƙi kuwa, na biyu ne ya sauka kan na ɗaya. Gwada ka ji, za ka gane shi nan take.

Domin kada hannun hagu ya yi ta tsalle, ga dabara. Kama C, E, G da yatsu 5, 3, 1. In za ka je na biyu, bar ƙaramin yatsa a kan C, ka kama C, F, A da 5, 2, 1. In za ka je na uku, bar babban yatsa a kan G, ka kama B, D, G da 5, 3, 1. Muryoyin ba su canja ba, jerinsu ne kawai aka juya. Ka yi ta zagaya su har hannu ya san hanya ba sai ido ya duba ba.

Ta yaya za ka san wanda za ka kaɗa? Dubi muryar da waƙa ta tsaya a kai inda bugun ya yi ƙarfi. In do ce ko mi, yawanci na ɗaya ne. In fa ce ko la, na biyu. In re ce ko ti, na uku. So kuwa tana zama da na ɗaya, tana kuma zama da na uku, sai kunne ya raba gardama. In ka sami waɗannan, ka ƙara na huɗu, la, do, mi, wato A, C, E, mai sanyin murya, wanda ya dace da waƙoƙin tuba da na makoki.

Kada ka haɗa hannu biyu da wuri. Koyi na dama shi kaɗai, koyi na hagu shi kaɗai kana rera waƙar da baki, sa'an nan ka haɗa su layi ɗaya ɗaya, a hankali ƙwarai. Makon farko na haɗawa shi ne inda mutane da yawa suke karaya, domin hannu ɗaya yana son ya kwaikwayi ɗan'uwansa. Ka daure, zai wuce.

NEMAN GIDAN WAƘA

Ga inda ainihin aikin sujada yake. A ikilisiyoyinmu sau da yawa ba mai kiɗa ne ke fara waƙa ba. Wata uwa ce daga Zumuntar Mata takan ɗaga murya daga inda take zaune, jama'a su amsa. Ba ta tambaye ka ko C kake so ba. Do ɗinta yana iya fāɗawa kan kowane madanni cikin 12 ɗin nan. Wannan ne makaɗa ke kira ki, ni kuwa zan kira shi gidan waƙa.

Yawancin waƙoƙi a kan do suke ƙarewa. Saboda haka ka saurara, ka riƙe muryar ƙarshen baiti a maƙogwaronka, ka rage ƙarar fiyanon sosai, ka nemi madannin da ya yi daidai da ita. In ka same shi, ka sami gidan. Daga wannan madanni, ƙirga 5 zuwa dama, kana haɗawa da baƙaƙe, ka sami fa. Ƙirga 7, ka sami so. In kuma kana so ka gina kod irin ukun farko a kan kowane madanni, ƙirga 4 daga gare shi, sa'an nan ka ƙara 3.

Bayan gidan C, ka koyi G da F. A gidan G baƙi ɗaya ne ya shigo, na farko cikin baƙaƙe uku, ya ɗauki wurin F. A gidan F ma baƙi ɗaya ne, na ƙarshe cikin ukun, ya ɗauki wurin B. Akwai maɓalli a jikin fiyanon lantarki da aka rubuta wa Transpose, wanda ke ɗaga murya ko sauke ta kai kana nan a C. Ba zunubi ba ne ka yi amfani da shi kana mafari. Amma sanda ce ta mai jinya, in ƙafa ta warke sai a jingine ta.

In kana da wayar hannu, ka ɗauki muryar mawaƙanku ranar Lahadi, da izininsu, ka je gida ka yi ta neman gidan kowace waƙa. Akwai darussa da yawa a YouTube, suna kuwa da amfani wajen ganin yadda ake ɗora yatsu. Sai dai ka zaɓi malami ɗaya ka bi shi daga farko. Mai bin kowace hanya ba ya isa gari. Ka kuma tuna, waƙoƙin da ikilisiyarku take rerawa su ne littafinka na fari.

BAN-RUWA DA AMBALIYA

Mu mutanen bakin Kogin Haɗejiya mun san ruwa iri biyu. Akwai ruwan da mai lambu yake jawowa kaɗan kaɗan zuwa fangalin tattasai da albasa, yau da gobe, har su nuna. Akwai kuma irin wanda muka gani a shekara ta 2022, lokacin da matasan Haɗejiya suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga, gonakin shinkafa masu yawa kuwa suka nutse. Duka ruwa ne, amma ɗaya ya ciyar, ɗaya ya cinye.

Haka koyon kiɗa yake. Wanda ya zauna awa biyar ranar Asabar, ya bar shi har wata Asabar, ambaliya ya yi. Yatsu sun gaji, kai ya cika, kafin mako ya zagayo rabin abin ya gudu. Minti 20 kowace rana ya fi masa, gama abin da hannu ya maimaita yau, barcin dare yakan zaunar da shi, gobe ka tarar ya yi sauƙi. Ka raba lokacin haka: minti 5 na hawa da sauka a kan do, re, mi, minti 5 na zagaya kod, minti 10 na waƙa ɗaya. In ka yi tuntuɓe a wani wuri, kada ka koma farkon waƙa. Tsaya a wurin, maimaita shi a hankali har ya fita daidai sau biyar a jere. Wanda yake maimaita kuskure da sauri, kuskuren yake koyo.

Za ka ce, fiyanon ai na ikilisiya ne, ba ni da shi a gida. Nemi kwali, ka auna madannan fiyanon ikilisiya, ka zana su daidai girmansu. Kwali ba ya ƙara, amma yana koya wa yatsu wurin zama, bakinka kuwa ya ba da muryar. In ka sami shiga majami'a sau biyu ko uku a mako, sai ka gwada abin da ka shirya. Rashin wuta ma kada ya zama hujja, ƙananan fiyano da yawa suna aiki da batir.

KAI BAWAN WAƘA NE

'Yan'uwa, sunan nan fiyano daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa kuwa a hankali, da taushi. An ba shi sunan ne domin yana iya yin ƙasa ƙasa, yana kuma iya ɗagawa. Abin baƙin ciki, wasu makaɗanmu rabin ɗagawar kawai suka koya. Sai ka ga tsohuwa tana buɗe baki amma ba ka jin kalma ɗaya, amsa-kuwwa ta shanye kome. Manzo Bulus cikin 1 Korantiyawa 14:7-8 ya yi misali da sarewa da garaya da ƙaho, ya nuna ƙarar da ba a rarrabe ta ba ta amfani kowa. Hausa kuwa harshe ne mai karin sauti, ma'anar kalma tana rataye ga hawa da saukar murya. In kiɗa ya danne kalmomin, me ya rage na bishara cikin waƙar?

Ga ma'auni: in kana kiɗa ba ka jin muryar jama'a, ƙararka ta yi yawa. In mai ba da waƙa ta fara, kada ka tilasta mata ta dawo gidanka, kai ne za ka je nata. In ba ka sami gidan ba, ka ɗauke hannu. Shiru ya fi kiɗan da ke jan jama'a zuwa wani wuri dabam, kakanninmu cikin bangaskiya kuwa sun yi shekaru suna yabon Allah da tafi da tulu da ganga, Allah ya karɓa. Ka kuma yi hankali da gangar nan ta cikin na'ura. Ba ta san tsohuwa tana jan numfashi a ƙarshen baiti ba. In akwai masu buga tulu da kacau-kacau, ka kashe ta, ka bi su.

Akwai kuma maƙwabta. A wannan ƙasa muna zaune ne a tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu. Lokacin koyo ka sa abin kunne ko ka rage ƙara, kada ka haɗa da amsa-kuwwa, ka kuma lura da lokutan sallarsu. Romawa 12:18 ta ɗora mana nauyin neman zaman lafiya da kowa iyakar ƙoƙarinmu. Ladabin mai kiɗa ma shaida ce.

GA IYAYE DA DATTAWAN IKILISIYA

Na san abin da ke zuciyar wasu iyaye. A al'adarmu kiɗa yana tafiya da roƙo, uba kuwa yana tsoro kada ɗansa ya zama maroƙi ko ya bi 'yan biki ya lalace. Tsoron yana da dalili. Amma maganinsa shi ne ku jawo yaron kusa, ya koya a gaban idonku, ku san waƙar da yake koyo da abokan da yake bi. In kun hana shi a gidan Allah, wani zai koya masa a wani wuri. Kada kuma a ware 'yan mata. Cikin Fitowa 15:20 Maryamu 'yar'uwar Haruna ce ta ɗauki abin kiɗa ta ja gaban mata wajen yabo.

Dattawa kuma, na san kuna kulle fiyano domin kada ya lalace. Ku tsara ranaku da sa'o'i, ku sa babban mutum ɗaya ya zauna tare da masu koyo, ku koya musu kula da shi. A wanke hannu kafin a taɓa. A rufe shi da zane, musamman lokacin hunturu, gama ƙura ce ke kashe madannai. Kada a sa shi a rana ko a ajiye ruwa a kansa. A yi amfani da adaftar da ta dace da shi, kada a haɗa shi da janareta sai wutar ta daidaita. In damina ta yi nisa, a ɗaga shi sama, kada ya kwana a ƙasa. Kada kuma ku dogara ga mutum ɗaya. A sami uku ko huɗu suna koyo tare, wanda ya riga ya gane abu ya nuna wa na bayansa. In baƙo mai iya kiɗa ya zo muku, ku roƙe shi tun makon farko ya koyar, kada ku jira sai yana ɗaure kaya.

ABIN DA YA FARU DA KWALINMU

Bayan maganar matata, na fito da fiyanon na ajiye shi a majami'a, na yi sanarwa. Mutum biyar suka zo, uku suka gaji kafin wata ya ƙare. Cikin biyun da suka rage akwai wani yaro ɗan shekara 15 wanda yake taya mahaifinsa aikin lambu. Shi ne ya yanki gefen kwalin ya zana madannai, yana tafiya da shi fadama. Bayan wata huɗu ya raka waƙa ɗaya ranar Lahadi. Ya ɓata a baiti na biyu, ya tsaya, gumi yana zubo masa. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta riƙe waƙar har ya sāke samun gidan, ya shigo. Bayan sujada ta kira shi ta ce, "Ɗana, in ka fāɗi za mu ɗauke ka. Kai dai kada ka rufe mana baki." Har yau ban ji darasin kiɗa da ya fi wannan ba.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ko akwai fiyano a kwance a ikilisiyarku? Ko kuwa wani abu ne dabam da Ubangiji ya damƙa maka, ka tura ƙarƙashin gado kana jiran wanda ya fi ka iyawa? Maigidan nan na cikin misali bai tambayi bawansa don me bai kai mai talanti biyar ba. Abin da ya tambaya shi ne me ya yi da ɗayan da aka ba shi. Ka je wurin Fastonka cikin makon nan, ka nemi izini, ka fara da neman C.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin murya da kunne da yatsu da ka ba mu. Ka gafarta mana inda muka binne abin da ka damƙa mana saboda tsoro ko ƙyuya. Ka tā da samari da 'yan mata a ikilisiyoyinmu na ƙasar Haɗejiya waɗanda za su koya da haƙuri, su yi hidima da tawali'u. Ka ba iyaye da dattawa hikimar riƙe hannunsu. Bari yabonmu ya zama abin karɓa a gabanka, zamanmu da maƙwabta kuma ya kawo wa sunanka ɗaukaka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Sai wani mako in Ubangiji ya bar mu da rai. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.